Jimla Ba Ta Tsayuwa Babu Abin Faɗa: Martani ga Stanley Fish

Stanley Fish ba ƙaramin malami ba ne. Ya yi suna a nazarin adabin Ingilishi, ya koyar a Berkeley da Johns Hopkins da Duke, ya riƙe shugabancin tsangaya a Jami'ar Illinois da ke Chicago, kuma ya yi shekaru yana rubutu a jaridar New York Times. Irin wannan mutum idan ya buɗe baki a kan yadda ya kamata a koya wa ɗaliban jami'a rubutu, dole a kasa kunne. Matsayinsa reshe biyu ne. Na farko ya bayyana shi a wata maƙala ta 1987, wadda ya sake sakawa a littafinsa na 1989, inda ya ce ra'i ba shi da abin da zai tsinana wa malamin insha'i. A ganinsa, ko malami ya sha ya ƙoshi da abin da masana suka faɗa game da harshe da ma'ana da yadda sani ke samuwa, wannan ba zai haifa masa hanyar koyarwa ba, domin rubutu sana'a ce, da yi ake iya ta. Na biyu ya fito a jaridar a 2005, ya ƙara jaddada shi a 2009. Ya ce ɗalibai ba su iya gina jimla ba saboda ba a koya musu mece ce jimla ba, malamai sun shagala da muhawara kan finafinai da wariyar launin fata da shige da fice, don haka a kori kowane irin batu daga ajin rubutu, a bar nahawu da balaga su kaɗai.

Adalci ne a faɗi inda maganarsa ta samo tushe. Ya ce yana cikin duba takardun ɗaliban babban digiri ya ga da yawansu ba sa iya rubuta jimlar Ingilishi mai tsabta, alhali su ne aka damƙa wa koyar da 'yan aji ɗaya insha'i. Ya nemi a kawo masa tsarin darasin azuzuwa 104 da ake koyar da kwas ɗin, ya ce huɗu kacal ya samu da suka mai da hankali ga koyar da rubutun kansa. Abin da ya fito da shi a nasa ajin kuwa yana da ɗaukar hankali. Tun ranar farko yakan kasa ɗalibai rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ƙirƙiro sabon harshe kafin ƙarshen zango, da kalmominsa da nahawunsa, harshen da zai iya bambance lokaci da adadi da wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Wani lokaci ya ba su kalmomin da babu abin da ya haɗa su, ya ce su mayar da su jimla sannan su bayyana abin da suka yi. Wani lokaci ya ce su miƙe jimla mai kalma uku har ta kai kalma ɗari ba tare da ta karye ba. Damuwarsa gaskiya ce, ba na jayayya da ita. Ajin da aka yi wa rajista da sunan rubutu, aka ƙare zango ana hirar siyasa, ɗalibi bai rubuta ko shafi biyar an duba masa ba, an ci haƙƙin ɗalibin nan, kuma babu abin da zan kare wannan aji da shi. Sai dai mafitar da Fish ya kawo gudun gara ce da faɗawa gidan zago.

Tun kafin a je ga sakamakon bincike, rassan nan biyu suna cin karo da juna. Mutumin da ya ce ra'i ba ya juya aiki, shi ne ya ɗora aji sukutum a kan ra'i. Me zai sa malami ya sa ɗalibi ya cinye zango guda yana ƙirƙirar harshen da babu mai jin sa a duniya? Sai don ya yarda da abubuwa uku: cewa siga tana rabuwa da ma'ana har a koyi ɗaya a jingine ɗaya, cewa wanda ya iya jimla sauran rubutu zai zo masa da kansa, da cewa ƙwarewar da aka samu a wannan atisaye za ta bi ɗalibi zuwa ajin tarihi da ɗakin gwaje-gwaje da ofis. Babu ɗaya cikin ukun nan da ido ke gani a fili. Da'awowi ne game da harshe da yadda ɗan Adam ke koyo, wato ra'i ne, ko an ambace shi ko an sakaya. Haka kuma kowane malami yake. Wanda ke bin takardar ɗalibi da jan biro yana ja wa kowane kuskure layi, ya yarda ne cewa kuskuren da aka nuna ba zai dawo ba. Wanda ke karanto ƙa'idoji ɗalibai suna kwafa, ya yarda ne cewa sanin ƙa'ida zai sauko daga ka zuwa hannu. Bambancin da ke tsakanin malamai shi ne wani ya san abin da ya yarda da shi har zai iya ɗora shi a kan ma'auni, wani kuwa ya gaje shi daga malaminsa bai taɓa tambayar ko yana aiki ba. Cewa malami ya manta da ra'i daidai yake da cewa ya zauna cikin rukuni na biyu.

Da'awa idan ta shafi koyo ana iya gwada ta, kuma an gwada. A fara da kukan cewa yaran yanzu ba su iya rubutu ba, wanda ya girmi Fish da fiye da shekara sittin. Jami'ar Harvard ta soma yi wa masu neman shiga jarrabawar insha'i a 1874, kuma a shekarun farko kusan rabinsu faɗuwa suke yi, alhali 'ya'yan manya ne da suka fito daga makarantu mafi tsada a Amurka. Wannan ne ya kai ga tilasta wa 'yan aji ɗaya kwas ɗin rubutu a 1885, sauran jami'o'i suka bi sahu. Da Robert Connors da Andrea Lunsford suka tattara dubban takardun ɗalibai a shekarun 1980, sannan Andrea da Karen Lunsford suka maimaita aikin bayan shekara ashirin, sun kwatanta abin da suka samu da binciken da aka yi tun 1917. Yawan kuskure bai motsa sosai ba, yana nan tsakanin biyu da biyu da rabi cikin kowace kalma ɗari. Abin da ya canza shi ne tsawon rubutun, daga kalma 162 a 1917 zuwa fiye da dubu a 2006. Ina zamanin da ake cewa an koyar da jimla kowa ya iya? Idan shagala da batutuwan zamani ne ya lalata jimla, me ya lalata ta a Harvard ta ƙarni na 19, inda ba a san wani abu ba sai ƙa'ida da gyaran kuskure?

Hanyar koyar da siga ita kaɗai ta samu damar da babu hanyar da ta taɓa samu, ta mallaki azuzuwa shekaru da dama, sannan aka zo aka auna ta. A 1963 Richard Braddock da abokan aikinsa biyu suka bi binciken da aka yi kafin lokacinsu, suka yanke cewa koyar da nahawu a ware ba ya ƙara wa rubutu komai, har yana iya cutarwa saboda yana cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun. Wasu suka ce binciken da aka dogara da su gajeru ne. Sai Warwick Elley da tawagarsa suka bi ɗaliban wata sakandare a New Zealand tsawon shekara uku: kashi ɗaya aka koya musu nahawun gargajiya, kashi ɗaya nahawun zamani, kashi na uku aka ba su lokacin su yi karatu da rubutu. Da aka duba insha'insu a ƙarshe ba a ga bambancin a zo a gani ba, sai dai waɗanda suka sha nahawun zamani sun fi nuna ƙosawa da darasin. George Hillocks ya haɗa binciken shekara ashirin ya fitar a 1986, kuma abin da ya samu ya saɓa wa Fish kai tsaye. Nahawu a ware ya zo a ƙarshen sahu, abin da ya zo kan gaba shi ne a ajiye wa ɗalibai bayanai na zahiri a gabansu, su bincika, su kwatanta, su fitar da hujja, sannan su rubuta. Wato batun da Fish ke so a kora daga aji shi ne ya fi komai gyara rubutu. Steve Graham da Dolores Perin sun sake tacewa a 2007, sakamakon nahawu a ware bai sauya ba.

Mai kare Fish zai ce an yi masa rashin adalci, domin shi bai ce a haddace sunayen sassan jimla ba, cewa ya yi a sa hannu a gina ta. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma a nan ne ya fi kusa da gaskiya. Atisayen haɗa gajerun jimloli su zama doguwa ɗaya yana aiki. Frank O'Hare ya nuna haka a 1973, wasu malamai uku na Jami'ar Miami da ke jihar Ohio suka nuna shi a kan 'yan aji ɗaya na jami'a a 1978, kuma Connors da kansa ya koka a shekarar 2000 cewa an yi watsi da wannan hanya ba don an karya hujjarta ba. Amma ta yaya aka san yana aiki? Ai ta hanyar binciken nan ne da ake cewa malami ba ya bukata. Sannan abin da binciken ya tabbatar ya fi abin da Fish ke nema ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ya tabbatar da cewa atisayen jimla kayan aiki ne mai amfani a cikin ajin da ake rubutu na gaske. Bai tabbatar da cewa shi kaɗai ya isa zango guda ba, balle ƙirƙirar sabon harshe, wanda shedar nasararsa a maƙalolin Fish ba ta wuce bakin Fish ba. A Ingila, Debra Myhill da abokanta na Jami'ar Exeter sun buga wani gwaji a 2012 a kan yara masu shekara 12 zuwa 13, inda nahawu ya inganta rubutu. Amma wane irin nahawu? Wanda aka saƙa shi cikin abin da yaro ke rubutawa a lokacin, ana nuna masa cewa in ya jinkirta aikatau a nan mai karatu zai ƙagu, in ya gajarta jimla a can magana za ta yi nauyi. Nahawu ya yi amfani ne da aka ƙulla shi da ma'ana.

Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne ga wannan magana. Ibn Khaldun ya yi ta a Muƙaddima tun ƙarni na 14, inda ya raba sanin ƙa'idojin Larabci da mallakar harshen. Ya kwatanta masanin ƙa'ida kawai da wanda zai iya bayyana maka yadda ake zura zare a allura da yadda ake kalmasa, amma in ka miƙa masa ƙyalle ba zai iya ɗinkawa ba, ya kuma ce akwai manyan masana nahawu da in aka ce su rubuta wa ɗan'uwansu layi biyu sai sun tafka kuskure. Za a iya cewa ai wannan goyon bayan Fish ne, tunda shi ma cewa ya yi da yi ake koyo. A duba dai abin da Ibn Khaldun ya ce a yi. Cewa ya yi a nutsa cikin zancen Larabawa na gaske, a yi ta mu'amala da shi har ya zauna a harshe, kuma ya yabi littafin Sibawaihi ne saboda bai tsaya ga ƙa'ida ba, ya cika shi da misalai daga maganganunsu da waƙoƙinsu. Harshen da ɗalibai suka ƙaga a aji ba shi da zancen da za a nutsa cikinsa, ba shi da mai sauraro, babu wanda ya taɓa rarrashi ko gardama ko neman bashi da shi. Har wa yau, Fish ya ce nahawu da balaga kaɗai. To, mece ce balaga? Malaman Larabci sun ce ita ce magana ta dace da abin da hali ke nema. Aristotle ya ce ita ce iya gano abin da zai gamsar a kowane al'amari da ya taso. A tsarin Rumawa matakin farko cikin biyar shi ne nemo abin faɗa. Yaya za a koyar da dacewa da hali a ajin da aka kori hali? Wa za a gamsar, kuma a kan me?

Saura da'awa ta uku, cewa ƙwarewar siga za ta bi ɗalibi duk inda ya je. Lucille McCarthy ta bi wani ɗalibi guda a wata kwaleji ta Amurka daga ajin insha'i zuwa ajin waƙa zuwa ajin ilimin halittu, ta buga abin da ta gani a 1987. Ko da ayyukan da aka ba shi suna kama da juna, shi yana ganin kowanne sabon abu ne da bai taɓa yin irinsa ba, kuma nasararsa ta rataya ne ga gane abin da kowane malami da kowane fanni ke ɗauka a matsayin hujja. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin da zai rubuta wa abokinsa labarin wasan ƙwallo cikin jimloli lafiyayyu, shi ne zai rubuta jimla mai kai biyu babu ƙafa idan aka ce ya bayyana dalilin hauhawar farashi, domin bai tantance ko ƙarin kuɗi a hannun jama'a ne ya jawo tsada ko tsada ce ta jawo ƙarin kuɗi ba. Aikau da karɓau sun rikice masa a takarda ne saboda sun rikice masa a tunani. Fish ya yi daidai da ya ce jimla tsari ne na dangantaka tsakanin abubuwa. Amma dangantakar da ke kayar da ɗalibin jami'a ita ce ta abubuwan da yake kan koyo, kuma ba za a warware masa ita da kalmomin da aka tsinto da ka ba.

Yanzu a koma reshe na farko, wanda ya fi haɗari, cewa sanin malami ba ya canza aikinsa. A 1970 Jami'ar Birnin New York ta buɗe ƙofarta ga duk wanda ya gama sakandare a birnin. Dubban ɗalibai suka shigo, 'ya'yan talakawa da baƙin haure, da rubutun da ya sa wasu malamai suka ce waɗannan ba sa koyuwa. Mina Shaughnessy, wadda ke kula da shirin rubutu a ɗaya daga cikin kwalejojin, ta zauna ta karanta takardu wajen dubu huɗu, ta fitar da littafinta a 1977. Abin da ta gano shi ne kurakuran ba hauka ba ne, suna da tsari da dalili. Wani ya ɗauko ƙa'idar harshen gidansu, wani ya faɗaɗa ƙa'idar da aka koya masa fiye da iyakarta, wani yana kwaikwayon salon littafi da bai riga ya mallaka ba sai jimlar ta kuɓuce masa a tsakiya. A ɗauki misali daga wajenmu. Bahaushe ba ya cewa "Audu tafi", sai ya ce "Audu ya tafi", don haka ɗalibin da ke tunani da Hausa yakan saka wakilin suna bayan suna a jimlarsa ta Ingilishi, inda Ingilishi ba ya so. Malamin da bai san wannan ba zai ja layi ashirin a shafi biyu, ya ƙirga kuskure ashirin, ya rubuta maki uku cikin goma, ɗalibi ya ninke takardar ya cusa a aljihu yana ganin shi daƙiƙi ne. Malamin da ya sani zai ga ƙa'ida ɗaya ce ta bayyana sau ashirin, ya kira ɗalibin, ya ajiye jimlar Hausa kusa da ta Ingilishi, ya bar shi ya nemo sauran goma sha taran da kansa. Takarda ɗaya ce, biro ɗaya ne, lokacin da aka ɓata kusan ɗaya ne. Me ya raba aikin malaman nan biyu in ba abin da ɗaya ya sani game da kuskure ba?

Haka binciken ya taɓa jan biron kansa. Sondra Perl ta zauna da wasu ɗalibai biyar masu raunin rubutu tana naɗar abin da suke faɗa yayin da suke rubutu, ta ga cewa ba rashin kula da ƙa'ida ke damun su ba, yawan kula ne: kafin su kai ƙarshen tunani sun tsaya gyaran harafi sau da yawa har zaren maganar ya tsinke. Nancy Sommers ta kwatanta ɗalibai ashirin da ƙwararrun marubuta ashirin a 1980, ta ga ɗalibai sun ɗauki bita a matsayin canza kalma da 'yar'uwarta, ƙwararru kuwa suna rushe sashe su sake gini don neman abin da suke son faɗa. Bayan shekara biyu ta duba sharhin da malamai 35 ke rubutawa a gefen takardu, ta tarar sau da yawa malami yana gyara waƙafi a sakin layi, kuma a gefen wannan sakin layin yana cewa a sake shi gaba ɗaya. Wanne ɗalibi zai bi? Zai bi mai sauƙin, ya gyara waƙafi ya bar tunanin yadda yake. Malamin da ya san wannan zai raba aikinsa biyu, a daftarin farko ya yi magana kan hujja da tsari, ya ajiye waƙafi da aya sai daftarin ƙarshe. Shekara talatin a aji ba lallai su koya wa mutum haka ba, domin malami yana ganin takardar da aka miƙo ne, ba ya ganin abin da ya faru a daren da aka rubuta ta.

Na san amsar Fish, don ya sha ba da ita. Zai ce abin da yake kira ra'i shi ne bayani na gama-gari da ke tsaye a wajen aiki yana juya shi daga sama, abin da Shaughnessy da Sommers suka yi kuwa lura ce da ta fito daga cikin aikin, don haka ba su karya maganarsa ba. Idan haka ne, ya tsira da hujjarsa amma ya rasa amfaninta. Babu malamin insha'i mai hankali da ke jiran falsafar ma'ana ta faɗa masa abin da zai yi ranar Litinin da ƙarfe takwas. Abin da ake nufi da haɗa ra'i da aiki shi ne zirga-zirga tsakanin biyun: a lura da abin da ɗalibai ke yi, a fitar da bayani, a koma aji a gwada, a gyara bayanin idan ya gaza. Wannan zirga-zirgar ce ta kayar da nahawu a ware, ita ce ta tsayar da haɗa jimloli, ita ce kuma ta rage wa masu cewa a bar ɗalibi ya yi ta rubuta abin da ya ga dama ƙarfi, domin Hillocks ya samu wannan ma bai kai koyarwa mai tsari ba. Matsalar ita ce jama'a ba sa jin maganar Fish da wannan siririyar ma'ana. Shugaban jami'a da ke neman rage kashe kuɗi abin da zai ji shi ne duk wanda ya iya Turanci zai iya koyar da rubutu, babu bukatar horo. Kuma wannan tunanin ne ya haifar da abin da ya fusata Fish tun farko, aka tura ɗaliban babban digiri aji babu shiri.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin kwas ɗin rubutu na 'yan aji ɗaya daga Amurka ya iso mana. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara kwasa-kwasan bai-ɗaya, yau kuma duk ɗan aji ɗaya a jami'o'in Najeriya sai ya bi ta GST 111. Ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalma 450 a jarrabawar WAEC, ya zana JAMB wadda duk zaɓi ne cikin amsoshi, ya shigo ɗakin lacca mai ɗaukar ɗaruruwa, a koya masa sassan jimla da alamomin rubutu, a jami'o'i da dama kuma a jarraba shi a kwamfuta yana latsa amsa. Bayan shekara uku a ce ya kawo kundi mai babi biyar, a kuma yi mamakin ya kwafo. Fish ba zai amince da wannan aji ba, nasa ɗaliban suna gina jimla da hannunsu. Amma tushen ɗaya ne, cewa a fara ba da siga, abin faɗa zai zo daga baya. Akwai masu cewa binciken Amurka bai hau kanmu ba, tunda Ingilishi harshen uwa ne a wurin yawancin ɗalibansu, mu kuwa na biyu ne ko na uku. Wannan gyara ne mai kyau, kuma na karɓe shi. Mai koyon harshe na biyu yana amfana da bayanin ƙa'ida a fili fiye da ɗan harshe. John Truscott ya ce a 1996 a daina gyaran nahawu a rubutun irin waɗannan ɗalibai, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna gyara yana amfani idan aka taƙaita shi ga nau'in kuskure kaɗan a lokaci guda. Sai dai a lura, wanda ya kawo wannan gyaran da bincike ya kawo shi. Bambancin halinmu dalili ne na mu yi namu nazarin a kan takardun ɗalibanmu na Kano da Sakkwato da Maiduguri, bai zama dalilin rufe littafi ba.

Hujja mafi nauyi a wurinmu ita ce yawa. Malami ɗaya da ɗalibai ɗari takwas, wane daftari zai duba sau biyu? Ba na raina wannan, kuma babu ra'in da zai maye gurbin ɗaukar malamai. Amma wanda lokacinsa ya yi kaɗan shi ya fi bukatar sanin inda zai zuba shi. Matsayina shi ne ajin rubutu ya kasance ana rubutu a cikinsa kowane mako, ko da rabin shafi ne, a kan batu na gaske da aka ajiye wa ɗalibai bayanansa a gabansu, kuma gwargwadon hali daga fanninsu: ɗan aikin gona ya bayyana abin da jadawalin ruwan sama ke nunawa, ɗan shari'a ya taƙaita hukunci ga wanda bai karanta shi ba. Ɗalibai su duba wa juna daftarin farko da ma'auni bayyananne da aka koya musu, domin Hillocks da Graham duk sun samu irin wannan aiki yana ɗaga rubutu. Atisayen jimla irin na Fish ya shigo na minti goma sha biyar, da jimlolin da aka ciro daga takardun ajin. Malami ya zaɓi kuskure biyu ko uku da suka fi yawo ya bi su, ya ƙyale sauran zuwa wani mako. Mataimakan da za a ba ƙananan rukunoni a zaunar da su tukuna su karanta abin da aka gano, su yi gwajin duba takarda ɗaya tare har makinsu ya kusanci juna. Sannan sashe ya ajiye rubutun ɗalibai na makon farko da na makon ƙarshe, a cire suna da kwanan wata, a ba malaman da ba su koyar da ajin ba su tantance wanne ya fi. Ajin da nake kira a yi ya shiga wannan gwaji, ajin ƙirƙirar harshe ma ya shiga, haka ajin lacca da latsa kwamfuta, kuma wanda takardun suka nuna bai motsa ɗalibai ba a sake masa tsari kafin zango mai zuwa.